Shu, Kabeji da Koslo: Tarihin Sunayen Ganye Guda

A wajen liyafar aure a biranen ƙasar Hausa, daga Kano har Tawa, ya zama al'ada a ɗora wani ɗan tsibi a gefen farantin shinkafa: ɗanyen ganye fari da aka yanka siri-siri, aka haɗa shi da karoti, aka cakuɗa da mayonez. Masu girkin zamani a Nijeriya suna kiransa koslo, kuma sunan ya tsallako iyaka tare da fatake da finafinai da wayar salula. Shi kuwa ganyen da ake yin abincin da shi, Bakano zai ce kabeji, Ba'adare ya ce shu. Sunaye uku ke nan, babu ko ɗaya daga cikinsu da kakannin Hausawa suka sani. Malamin da ɗalibinsa ya tambaya wanne ne na Hausa, wanne ya kamata a rubuta a allo, ba zai ba da amsa mai gamsarwa ba sai ya san inda kowannensu ya fito. Idan kuwa aka bi sawunsu, za a tarar kalmar da ake zaton ta Ingilishi ce aro ce a wurin Ingilishin kansa, wadda kuma ake ce wa ta Nijeriya a ƙasar Faransa aka haife ta.

A fara da koslo. A Ingilishi ana rubuta ta coleslaw, amma masu harshen sun aro ta ne daga mutanen Holan, waɗanda ke cewa koolsla. Kalmomi biyu ne aka harhaɗa: kool, wato shu, da sla, wato haɗin ɗanyen ganye. Ba a nahiyar Turai aka yi wannan aro ba, a Amurka aka yi shi. Mutanen Holan sun kafa gari a bakin kogin Hudson a shekarun 1620, suka raɗa masa suna Sabuwar Amsterdam. Ingilishi suka ƙwace shi a 1664 suka mayar da sunansa Niyok. Mulki ya sauya, amma iyalan Holan suka zauna da harshensu da tukwanensu fiye da shekara ɗari bayan haka. A 1749 wani masanin tsirrai mai suna Pehr Kalm, ɗalibin shahararren malamin nan Linne na ƙasar Suwidin, ya sauka a garin Albani a gidan wata mata ƴar asalin Holan. A cikin labarin tafiyarsa ya bayyana yadda take yanka shu dogo-dogo siri-siri, ta zuba masa ruwan tsamin da ake kira binegar da mai da gishiri da barkono, ta kawo masa da abincin dare. Abin lura a nan shi ne babu mayonez a ciki. Mayonez ya shigo daga baya, bai kuma zama ruwan dare ba sai a farkon ƙarni na 20, lokacin da kamfanoni suka fara sayar da shi a kwalba.

Da kalmar ta shiga bakin masu Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 18, sai kunnensu ya yaudare su. Sun ji kool, suka zaci cold ce, wato mai sanyi, don haka suka daɗe suna rubuta cold slaw. Kuskuren ya yi jijiya har ya haifi ɗa: tunda akwai mai sanyi, ai dole a sami mai zafi, sai littattafan girki na ƙarni na 19 suka fito da wani dafaffen haɗin shu suka kira shi hot slaw. Malaman Faransanci sun san irin wannan tuntuɓe a cikin harshen da suke koyarwa. Kalmar choucroute ta fito ne daga Jamusancin yankin Alzas, inda ɓangaren farko ke nufin mai tsami, na biyu kuma shi ne shu. Bafaranshe ya ji na farkon ya yi masa kama da chou, na biyun ya yi kama da croûte, wato ɓawon burodi, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Aka wayi gari gaɓar da ke ɗauke da sunan shu ba ita ke nufin shu ba. Saboda haka Bahaushen da ya jefar da harafi ɗaya ya ce koslo, ko ya mayar da pepper soup farfesu, bai yi wa kalma ɓarnar da ta kai wadda Turawan suka yi wa juna ba.

Ita kuwa sla gajartar salade ce ta Faransanci, wadda mutanen Holan suka ara suka tauna har ta koma gaɓa ɗaya. Tushen salade kuwa shi ne sal, gishiri a Latinanci. Ma'anarta ta farko ita ce ganyen da aka sa wa gishiri, domin haka mutanen ƙasashen Bahar Rum ke cin ɗanyen ganye tun zamanin Rumawa. Daga sunan haɗin sai kalmar ta zame ta koma sunan ganyen da aka fi yin haɗin da shi. Haka abin yake a Faransanci, haka yake a harshen Holan, haka kuma yake a Hausar Nijar, inda ake ce wa ganyen salati, alhali a Nijeriya ana cewa latas ko salak. Yana da kyau malami ya ja hankalin yara a kan cewa wannan salati na garka bai haɗa komi da salatin Annabi ba, wanda asalinsa Larabci ne. Haɗuwa ce kawai suka yi a rubutu, kamar baƙi biyu da suka kwana a zaure ɗaya.

Saura kool. A Latinanci akwai kalmar caulis, ma'anarta kara ko itacen ganye, daga baya ta zama sunan shi kansa tsiron. Rumawa sun ɗauki wannan ganye da daraja ƙwarai. Kato, wanda ya rasu a shekara ta 149 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yabe shi a littafinsa na noma a matsayin magani, har ya ba da shawarar a ci shi ɗanye da ruwan tsami. Kalmar ta bi sojojin Rum da ƴan kasuwarsu da masu garkarsu zuwa arewa. A bakin Jamusawa ta zama Kohl, a bakin mutanen Holan kool, a tsohon Ingilishi ta bar cole. A ƙasar Faransa kuwa ta zama chol, sannan chou. Duk wanda ya yi lakkol a Nijar ya haddace chou a cikin jerin sunaye bakwai da ke ɗaukar x a jam'i, tare da bijou da caillou da sauransu, kuma da yawa daga cikin ƴan makarantar ƙauye na da sun iya rubuta jam'inta tun ba su taɓa ganin ganyen da ido ba. Wannan chou ita ce shu.

A nan ne zaren ya haɗu. Kool da shu kalma ɗaya ce, jikokin caulis. Sla da salati kalma ɗaya ce, jikokin sal. Mai tallan ganye a kasuwar Tawa, idan ta ce salatin shu, ta faɗi koolsla ke nan gaɓa da gaɓa, illa dai ta juya jerin bisa ƙa'idar Hausa, wadda ke gabatar da abu kafin ta faɗi na mene ne. Wato Hausar Nijar ta riga ta mallaki rabi biyun kalmar tun kafin koslo ta iso, ta wata hanya dabam. Ɗaya ta biyo ta Holan da Niyok da Legas da Kano, ɗaya ta biyo ta Faransa da Dakar da Yamai, suka yi kiciɓis a Adar.

Labarin kabeji ya fi ban dariya. Ingilishi ba su ƙirƙiri cabbage ba. Sun same ta ne daga Faransancin arewa, na Normandi da Pikardi, harshen da ya mamaye fadar Ingila da ɗakunan girkinta bayan yaƙin 1066. Kalmar ita ce caboche, ma'anarta kai, saboda yadda ganyen ke dunƙulewa kamar ƙoƙon kan mutum. Har gobe caboche tana raye a Faransancin yau da kullum, kuma ba ɗalibi ɗaya ba ne ya taɓa jin ta daga bakin malami mai fushi da taurin kansa. Masana da dama suna danganta ta da caput, kai a Latinanci, kamar yadda suke danganta cabus da ake gani a jikin gwangwanin iri, chou cabus, wato shu mai dunƙulallen kai. Ashe dai wanda ya ce kabeji da wanda ya ce shu duk Faransanci suke yi. Na farkon ya kira ganyen da kansa, na biyun ya kira shi da karansa.

Abin da ya raba su shi ne layin da aka ja a takarda. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, ta bar duk abin da ke cikinta a hannun Ingilishi. Birnin Ƙonni da Madawa suna cikin wannan baka, Tawa kuwa tana ɗan arewa da ita. Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu tsakanin kogin Kwara da Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, suka matsa aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, sannan tawagar Tilho ta bi ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Da an tsaya a kan layin farko, da yau manomin Galmi kabeji zai ce, ya ce karas maimakon karoti. Ƴan uwan juna da ke cin kasuwa ɗaya a Illelar Amarawa da Ƙonni suna sayar da ganye ɗaya da suna biyu, ba don wani bambancin kare ko na asali ba, sai don buƙatar rijiyoyin sojan Faransa.

Akwai kuma abin da rashin wani suna ke nunawa. Kayan abincin da suka shigo ƙasar Hausa ta hamada sun zo da sunayensu na Larabci manne a jikinsu: albasa, alkama, lemo, alawa. A cikin albasa da alkama har da al ɗin Larabci aka haɗiye, kamar yadda aka haɗiye l' ta Faransanci a cikin lakkol. Larabawa sun san shu, suna kiransa kurumb, kalmar da su ma suka aro daga Girkanci, ko malfuf, wato naɗaɗɗe. Amma ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye bai zauna a bakin Hausawa ba, alamar cewa ganyen bai biyo ayarin Agadas ba. Dalili a fili yake. Albasa tana jure tafiya da ajiya, alkama ƙwaya ce. Shu kuwa ɗan ƙasar sanyi ne, daga gaɓar tekun Turai, ba ya yin kai sai da sanyin hunturu da ban ruwa kullum. Ya jira har Turawan mulki suka zo da garkokinsu na bariki, don su ci abin da suka saba ci a gida.

Bambancin albasa da shu bai tsaya ga suna ba, kuma duk manomin Adar ya san shi a aljihunsa. Albasa ta zama ƴar gida ƙwarai, har ƙasar ta fitar da irinta na kanta, jar albasar Galmi, wadda ake lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Manomi yana iya barin wasu su yi fure ya cire irin baɗi da hannunsa. Shu ba ya yin haka a nan. Tsiro ne da ke buƙatar dogon sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, sanyin da hunturun Sahel bai kai ba. Don haka kowace shekara sai an sayi sabon iri a gwangwani ko a ƴar takarda, daga kamfanonin waje, da sunaye irin su Oxylus da Marché de Copenhague. Ganyen ya shekara fiye da ɗari a ƙasar, amma har yanzu irinsa baƙo ne.

To, yaya ganyen teburin Bature ya zama abincin talaka? Yunwa ce ta yi masa jagora. Bayan farin 1973 da 1974, sannan na 1984 wanda ya fi muni a wurare da dama, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki noman rani a matsayin babban makamin ceton jama'a. Aka haƙa rijiyoyi a fadamu da bakin tafkuna, aka raba iri, aka tara mutanen da damina ta yaudara a wuraren da ruwa ke kusa. A wannan shekara ta 1984 ne kuma aikin raya kwarin Keita ya kankama da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikin kayan garkar da aka yaɗa, shu ya fi sauran dacewa da halin da ake ciki: cikin wata uku ya nuna, yana da auki, yana cika ciki, kuma manyan ganyayensa na waje, waɗanda Bature ke zubarwa, ana iya dafa su ko a shanya su a ajiye. A arewacin Adar, a ƙasar tudu da rairayi irin ta Tebaram, yamma da Tawa, inda gero kan ƙare a rumbu tun kafin bazara, mazaje kuma su tafi cin rani Nijeriya ko bakin teku su bar mata da yara, duk ganyen da zai ƙara wa ɗan garin da ya rage auki ba abin wasa ba ne.

Matan da suka karɓi wannan ganye ba su tambayi kowa yadda ake sarrafa shi ba, domin sun riga sun mallaki tsarin da za su sa shi a ciki. Wannan tsari shi ne kwaɗo, wanda a yammacin ƙasar Hausa ake kuma kira datu. A dafa ganye, a matse ruwansa, a daka ƙuli-ƙuli da gishiri da yaji, a yanka albasa, a ɗiga mai idan akwai, a cakuɗa, a ci da sanyinsa. Haka ake yi wa zogale, wanda a nan aka fi sani da tamakka, haka ake yi wa rama da tafasa da yaɗiya da jiga, ganyayen da suka riƙe rayukan jama'a a shekarun da tarihi ya ba su suna. Shu ya shiga wannan sahu ba tare da gardama ba, aka sami kwaɗon shu, aka kuma sa shi a dambu, aka haɗa shi da garin rogo. Kalmar kwaɗo ta Hausa ce tsantsa, tana da aikatau nata, a kwaɗa, abin da koslo ba ta da shi. A rubutun boko ta yi kama da kwaɗon tafki, sai dai wasalin farko na ɗan tafkin dogo ne, na abincin gajere, bambancin da kunnen yaro ke ji sarai amma ƙa'idar rubutu ba ta nuna shi ba.

Idan aka jera abincin nan uku, wanda aka ba Kalm a Albani, da kwaɗon shu, da koslon liyafa, za a ga cewa na Adar ya fi kusa da na asali a manufa: ganye mai araha, gishiri, ɗan maiƙo, abin da gida ke iya kawowa kowane dare. Na liyafa shi ne ya yi nisa. Mayonez ya rufe ganyen har ya zama shi ne abincin, kuma a Nijeriya sunan wani kamfani, Bama, ya zama sunan mayonez ɗin gaba ɗaya a bakin mata, yadda Omo ya zama sunan garin sabulu. Haɗi ne kuma da ba ya shiri da zafin watan Afirilu, domin idan ya yini a rumfar biki ba firji, sai ya zama abin da ke kai baƙi likita. Kwaɗo ba ya buƙatar lantarki.

Wannan duka ya shafi malamai kai tsaye. An fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram tun 1973. Taron Yamai na 1980 ya yi ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, an kuma tabbatar da ƙa'idar rubutu ta Nijar a 1999. Amma waɗannan sun daidaita haruffa ne, ba su taɓa kalmomin aro ba. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, saboda haka tambayar da a da ta tsaya a aji za ta kai ga masu rubuta littattafan karatu da takardun malaman gona. Akwai masu ganin a bi Kano a komi, tunda can ne ɗab'i ya fi yawa, a rubuta kabeji. Akwai masu ganin a share duk wata kalmar Turawa a ƙirƙiro sabuwa. Ra'ayi na farko zai sa yaron Tebaram ya karanta sunan da uwarsa ba ta amfani da shi, a kan hujjar da tarihi bai goyi bayanta ba, domin kabeji bai fi shu zama Hausa da komi ba. Na biyu kuwa ya zo a makare: shu ya riga ya karɓi ɗafin Hausa, ana cewa shun bana ya yi kyau, kuma kalmar da ta kai nan ta zama ƴar gari. Ƙamus mai adalci zai ɗauki biyun, ya nuna inda ake faɗar kowacce, ya bar koslo ga haɗin mayonez kaɗai, tunda abu ne dabam da ke buƙatar sunansa.

Kalmar da ta fi buƙatar kulawa a cikin jerin ita ce datu. Kabeji yana da gidajen rediyon duniya a bayansa, shu yana da kasuwa da malaman gona, koslo tana da masu koyar da girki a waya, kwaɗo kuma yana cikin daidaitacciyar Hausa. Datu ba ta da kowa sai bakin tsofaffi da ƴan mata masu talla a ƙofar makaranta, kuma littattafan karatun da ke zuwa daga Kano da Zariya ba kasafai suke ambaton ta ba.